Rabon Minti Tamanin

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya kasance duk ranar jajiberin salla idan aka yi watanda a unguwarmu ta Mafoni, shi ne zai nemo sa, shi ne zai yi ciniki, shi ne kuma zai tsaya a kan mahauta har su gama fiɗa. Amma da zarar an zo kasafta nama sai ya ja da baya ya wanke hannu. A kan kira wani ƙaramin yaro a sa shi ya juya baya, wani dattijo ya nuna kashi da sanda ya ce, "Wannan na wane ne?" Yaron ya ambaci suna ba tare da ya ga abin da aka nuna ba. Ina yaro na ɗauka tsoron surutun mutane ne ya sa mahaifinmu yake gudun rabo. Sai da na kai shekaru talatin da bakwai, aka miƙo mini agogo da usur aka ce in raba minti tamanin a tsakanin samari biyar, sannan na gane abin da tsohon yake gudu. Ni kuwa a ranar ba ni da yaron da zan sa ya juya baya.

Ni malamin adabi ne, aikina karanta ƙagaggun labarai da waƙoƙi tare da ɗalibai. Amma kafin in zama haka na yi zamanina a filin ƙwallon kwando, ko kuma in ce a gefensa, kamar yadda bayani zai zo. A shekarar 2018 tsohon kocin da ya horar da mu muna ɗalibai ya kwanta rashin lafiya, hawan jini ya taɓa masa ɓarin jiki. A lokacin yana riƙe da ƙungiyar wata kwaleji a nan Maiduguri, wadda ba sai na kama sunanta ba. Da na je gaishe shi, sai ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya ce, "Dakta, ka riƙe mini yaran nan zuwa ƙarshen zangon karatu, kada su watse." Ban iya cewa a'a ba. Wanda ya koya maka ɗaure takalmi ba ka yi masa musu a kan gadon jinya.

Tun da na san da yawa daga masu karanta wannan mujalla ƙwallon ƙafa suka fi sani, bari in ɗan yi shimfiɗa. Wasan ƙwallon kwando, wanda James Naismith ya ƙirƙiro a Amurka a 1891, mutum biyar ke buga shi a kowane ɓangare, ko da yake ƙungiya takan zo da goma sha biyu. A ƙa'idar da muke bi, zango huɗu ake yi, kowanne minti goma, wato minti arba'in ke nan. Daga cikin biyar ɗin nan, uku dogaye ne masu aiki a kusa da kwando, biyu kuma su ne 'yan baya, waɗanda yara ke kira gad. Na farkonsu shi ne mai ɗauko ƙwallo daga gida ya tsara yadda za a kai hari, ni nakan kira shi madugu. Na biyu shi ne mai jifa daga nesa, shi kuma maharbi. To, gurbi biyu sau minti arba'in ya ba da tamanin. Wannan ita ce dukiyar da ake rabawa, ba ta ƙaruwa ko da daƙiƙa guda sai fa idan an yi kunnen doki an ƙara lokaci.

Akwai kuma wani bambanci da ya sa kocin ƙwallon kwando ya fi na ƙwallon ƙafa shiga uku. A ƙwallon ƙafa canji ƙidayayye ne, wanda aka fitar kuma ya fita ke nan, saboda haka koci yana da doka da zai fake da ita. A namu wasan kuwa ana iya fitar da yaro a mayar da shi sau goma. Ma'ana, kowane minti da yaro ya yi a kan benci, wani ne ya zaunar da shi da gangan, kuma yaron ya san wane ne.

Dogaye ba su ba ni wahala ba, don huɗu kawai gare ni masu amfani, kowa na samun abin da ya ishe shi har ya roƙi hutu. Matsalar tana wajen 'yan baya. A ƙasarmu duk yaron da Allah bai ba tsawo ba, kuma yana son wasan, gad zai zama, shi ya sa kullum su ne suka fi yawa. Biyar na tarar, zan kuma ambace su da laƙabin da ake kiransu a fili. Akwai Kyaftin, ɗan ajin ƙarshe, mai natsuwa kamar limami, amma gwiwarsa ta dama ta fara gajiya. Akwai Bahago, wanda idan hannunsa ya yi zafi ko daga bayan layin maki uku ya jefa sai ta faɗa, sai dai tsaron gida a wurinsa aikin bayi ne. Akwai Shiru, yaron da ya shigo Maiduguri da ƙafa tare da mahaifiyarsa lokacin da Bama ta faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya a watan Satumba na 2014. Bai iya jifa ba, amma idan aka ce ya tsare mutum sai ya manne masa kamar ƙaya a zane, kuma bai taɓa fashin atisaye ba ko da rana ɗaya. Akwai Auta, ɗan ajin farko, mai gudu kamar barewa da zubar da ƙwallo kamar ɓauna a kasuwar tukwane. Na biyar shi ne ɗan yayata, ɗanta na fari. Ba shi da gudun Auta, ba shi da hannun Bahago, ba shi da taurin Shiru, amma yana da rabin kowanne, ga shi kuma ba ya ruɗewa. Tun ranar farko na ja shi gefe na ce, "A nan ba Kawu, Malam za ka riƙa cewa kamar kowa." Ya ce, "To, Malam."

Yanzu sai in faɗi tawa. Shekaru uku na yi a ƙungiyarmu ina ɗalibi, kuma idan aka tara dukan mintocin da na buga a wasannin gaske ba na jin za su cika wasa biyu. Ni ne wanda ake sa wa idan an riga an ci mu da ashirin, ko mun ci da ashirin, saura minti ɗaya da rabi. Mu 'yan ƙarshen benci mukan kira wannan lokaci ƙanzo, wato abin da ya rage a gindin tukunya bayan an kwashe tuwo. Na san yadda ake zama a kan katako da riga a bushe, ana tafa wa wasu, ana miƙa musu ruwa, a koma gida a wanke rigar da ba ta yi datti ba don kada a tambaya. Saboda haka da agogo ya zo hannuna sai na yi alkawari a raina cewa ba wanda zai ci ƙanzo a ƙarƙashina. Na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, na ja layi biyar, na raba tamanin gida biyar. Kowa minti goma sha shida.

Ban rasa hujja ba, malamin jami'a ai ba ya rasa ta. A kakar wasa ta 2014 zuwa 2015, kocin Jami'ar Kentaki ta Amurka, John Calipari, ya sami kansa da gwanaye fiye da gurabe, sai ya kasa su rukuni biyu na mutum biyar biyar, yana cire wannan rukuni ɗungurungum ya zuba wancan. A cikin 'yan bayansa akwai tagwaye Andrew da Aaron Harrison, da Tyler Ulis, da Devin Booker, wanda bai fara ko wasa ɗaya a kakar ba sai dai ya taso daga benci, amma daga baya ya fi dukansu suna, har ya zuba maki 70 a wasa guda a 2017. Sun ci wasa 38 a jere kafin Wiskonsin ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe a Afrilun 2015. Wannan labari na riƙa ba yarana, muna zaune a inuwar dogonyaro bayan atisayen la'asar. Abin da ban faɗa musu ba, don ni ma ban tsaya na auna ba, shi ne Calipari yana da goma waɗanda kusan kowannensu zai iya zama tauraro a wata jami'a, kuma shi kansa da tafiya ta yi tafiya, bayan ɗaya daga cikinsu ya ji rauni, ya sassauta tsarin.

Wasa uku muka buga na sada zumunta a kan rabon goma sha shida, aka cinye mu duka uku. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na biyu. Bahago ya jefa uku a jere daga nesa, 'yan kallo sun tashi tsaye, abokan hamayya sun ruɗe har kocinsu ya nemi hutun shawara. Ni kuwa na duba agogo na ga lokacinsa ya cika, na cire shi. Ya zo ya wuce ni bai dube ni ba, ya zauna a can ƙarshen benci ya rufe kansa da tawul. Yaran suka koma wasa da ido ɗaya a kan kwando, ɗaya a kan littafina. Wanda ya san saura masa minti biyu sai ya ƙi ba da ƙwallo, ya nemi ya nuna kansa kafin a kira shi. Daidaiton da na kawo don ya kashe son kai, shi ya hura shi.

Na koma wurin tsoho da littafina. Ya sa aka ɗaga shi aka jingina da matashi, ya duba layukan nan biyar, ya daɗe yana dariyar da rabin fuskarsa kawai ke yi. Shi mutum ne da ya yi zama a Zariya a zamanin da Ba'amurken nan Oliver Johnson ya mayar da filin Jami'ar Ahmadu Bello makarantar ƙwallon kwando, garin da Masai Ujiri ya tashi kafin ya je ya jagoranci ƙungiyar Toronto ta ci kofin Amurka a 2019. Ya ce, "Dakta, marayu aka ba ka ko 'yan wasa? Wannan ai rabon gado ne." Na ce, "Koci, ai ni ka san abin da benci ya yi mini." Ya ce, "Na sani, ni na zaunar da kai. Ba ka iya ba ne." Shekara goma sha biyar ina jiran wani ya gaya mini wannan magana, kuma abin mamaki, da na ji ta sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Amma maganar gado da ya yi ta tsaya mini, domin ko a gadon ai ba daidai ake rabawa ba, kowa da farillarsa. Har ma malaman fiƙihu suna da wata mas'ala da ta yi kama da tawa ƙwarai, wadda suke kira auli. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su kuma suna da biyu bisa uku. Idan aka kasa dukiya gida shida, shi yana neman uku, su suna neman huɗu, bakwai ke nan, alhali shida ake da su. A zamanin Halifa Umar aka yanke cewa a mayar da asalin rabon gida bakwai, ta yadda kowa zai ɗanɗani ragi gwargwadon haƙƙinsa, ba a ɗora wa mutum ɗaya asarar duka ba. Da na zauna na auna yarana tsakani da Allah, sai na ga Bahago ya cancanci talatin, Kyaftin da ɗan yayata ashirin da biyar biyar, Shiru da Auta ashirin ashirin. Jimla ɗari da ashirin, ga shi tamanin ke hannu. Da na bi hanyar auli, da kowa ya rasa sulusin nasa, ɗan yayata ya tashi da kusan goma sha bakwai.

Ba haka na yi ba. Sabon rabon da na rubuta shi ne: Bahago 30, Kyaftin 22, Shiru 14, Auta 9, ɗan yayata 5. Na tara na ga tamanin cif, na rufe littafi.

Mai karatu zai tambaya, me yaron ya yi? Bai yi kome ba. Abin da ya faru shi ne, Mafoni tsohuwar unguwa ce, tana nan tun kafin Shehu Garbai ya taso daga Kukawa ya kafa Yerwa a 1907, kuma a tsohuwar unguwa ba abin da ke ɓoyuwa. Akwai majalisar da nake zama bayan isha'i a ƙofar wani mai shayi, inda ake Hausa da Barbarci a cakuɗe. Tun makon da na karɓi ƙungiya wani daga cikin abokan zamana, wanda Auta ɗan ƙaninsa ne, ya ce cikin raha, "To, yanzu kam ɗan Hajiya ya zama kyaftin, tunda kawunsa ne gwamna." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta bi ni har gida ta kwana da ni. Ni mutum ne da ya gina sunansa a wurin aiki a kan cewa ba ya ƙara wa ɗan kowa maki, ba ya karɓar gaisuwar da ta wuce ta baki. Sai na ga kamar duk wannan suna yana rataye a kan mintocin yaro ɗaya. Kowane minti da na ba shi sai in ji kamar majalisa na ƙirgawa.

Mu Hausawa muna da wata ɗabi'a da muke alfahari da ita, wato kara. Idan ɗanka ya yi faɗa da ɗan maƙwabci, naka za ka doka ko da shi ke da gaskiya. Idan abinci bai isa ba, ɗan baƙo za a ba. Na sha yaba wannan hali a aji, ina nuna wa ɗalibai yadda marubutanmu suke gina mutumin kirki a kansa. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne, wa ke biyan kuɗin karar? Uban da ya doki ɗansa a gaban maƙwabta ya tafi da yabo, yaron ya tafi da tabo. Na ɗauki haƙƙin wani na sayi mutunci da shi, na kuma kira abin adalci.

Muka fara ci. Wannan shi ne abin da ya rufe mini ido, don idan ana nasara ba mai duba littafi. Bahago ya dawo da fara'arsa, Shiru yana shiga a zango na biyu da na huɗu ya hana gwanin abokan hamayya numfashi, Kyaftin yana riƙe da ragama. Su kuma na benci na ƙirƙiro musu huɗuba daga aikina. Nakan ce musu su dubi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam: Alhaji Imam ne mai labari, shi ya cinye shafuka, amma Malam Zurƙe da yake leƙowa jefi-jefi shi mutane suka fi tunawa. Magana ce mai daɗi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai Malam Zurƙe ba ya wanke riga, ba ya hawa Keke Napep daga Gwange da kuɗin karin kumallonsa don ya iso atisaye ƙarfe shida na safe.

Mutum ɗaya ne ya yi mini magana. Wata rana muna kwashe ƙwallaye, Kyaftin ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya ce, "Malam, in ba za ka ji haushi ba, gwiwata ba ta kai minti ashirin da biyu. A zango na huɗu da ƙyar nake komawa gida. Ga wanda zai karɓe ni yana zaune." Na ce, "Wa?" Ya ce, "Malam ai ka sani." Na ce masa zan duba. Ban duba ba. A littafin nan nawa, a shafukan baya, ina rubuta jifar tara da kowa ke yi a ƙarshen atisaye, wato jifar da ake ba wanda aka yi wa keta, shi kaɗai a kan layi ba mai tare shi. Ɗan yayata yakan zuba takwas cikin goma, wani lokaci tara. Auta kuwa biyar, ranar sa'a shida. Da hannuna na rubuta waɗannan lambobi.

Ranar da abin ya fashe, ranar wasan da zai fitar da ƙungiyar da za ta wakilci shiyyarmu ne. An yi shi da yamma a filin siminti, iskar hunturu tana kwaso ƙura, jama'a sun kewaye fili har kan katanga. Mutanen majalisarmu su huɗu suka zo, suka sami wuri a bayan bencinmu daidai. Saura daƙiƙa goma sha takwas, muna da 61 suna da 58, Kyaftin ya makara wajen komawa gida saboda gwiwar nan da ya gaya mini, ya riƙo hannun mai jifa. Laifinsa na biyar ke nan, doka ta fitar da shi. Za su yi jifar tara biyu, sannan ƙwallo ta dawo hannunmu. Duk wanda ya san wasan ya san abin da zai biyo baya: ba su da lokacin jira, dole su yi wa wanda ya karɓi ƙwallo keta da gangan don agogo ya tsaya, su yi fatan ya zubar. Bahago za su sa masa mutum biyu don kada ta isa gare shi. Saboda haka wanda zan sa a madadin Kyaftin shi za a aika kan layi, wasan kuma yana hannunsa.

Na juya na dubi benci. Ɗan yayata ya riga ya ɗaga daga zaune, hannunsa a kan wuyan rigar sanyinsa zai cire. Shi ya sani, Kyaftin ya sani, Shiru ma da ba ya magana ya dube shi. A bayan kansa kuma ga fuskoki huɗu na majalisa. Ba zan ce na yi tunani ba, bakina ne kawai ya buɗe, na ji ya ce, "Auta, shiga."

Suka zuba biyunsu, 61 da 60. Aka ba Auta ƙwallo, suka rungume shi, alƙali ya busa. Yaro ɗan shekara goma sha takwas ya tsaya a kan layi, ƙafafunsa suna rawa ina gani daga inda nake. Ta farko ta doki gaban ƙarfe. Ta biyu ta zagaya baki ta fito. Dogonsu ya cafe, suka ruga, suka zuba a daƙiƙa ta uku kafin ƙarshe. Aka tashi 62 da 61.

Auta ya durƙusa a tsakiyar fili yana kuka kamar an yi masa mutuwa, kuma wanda ya je ya ɗaga shi ɗan yayata ne. A daren a majalisa ba wanda ya ce na yi son kai. Baffan Auta ma cewa ya yi, "Dakta, ka yi ƙoƙari, yaronmu ne ya ba ka kunya." Wato na sami abin da na saya. Auta ya ƙarasa shekarar ana kiransa da wani suna na tsokana da ba zan maimaita ba, kuma bai sake yarda ya karɓi ƙwallo a ƙarshen wasa ba. Ashe ba mutum ɗaya na zalunta ba. Ɗaya na hana shi abin da zai iya, ɗaya na ɗora masa abin da na san ba zai iya ba.

Bayan kwana biyu na je Gwange gaida Yaya. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta sayar da awarwaronta lokacin da zan shiga jami'a. Kasancewar yaron ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, balle ta tsaya masa. Ta kawo mini kunun gyaɗa, muka gaisa, muka yi zancen tsadar gero. Sai da na tashi tafiya, tana tattara kwanuka ba ta dube ni ba, ta ce, "Yaron nan ya ba ƙaninsa takalman." Na ce, "Waɗanne?" Ta ce, "Na wasan. Ya ce sun matse shi." Takalman nan ni na sayo su da kaina wata huɗu kafin nan, kuma da girma ɗaya na ƙara don kada su matse shi. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran ta ƙara wani abu, ko ta zage ni in sami sauƙi. Ta ce, "A gaida mutanen gida."

Tsoho ya ɗan sami sauƙi ya karɓi ƙungiyarsa, na mayar masa da usur da agogo. Ban ba shi labarin daƙiƙa goma sha takwas ba, shi ma bai tambaya ba, ko da yake na tabbata Kyaftin ya gaya masa. Ɗan yayata ya gama karatunsa, ya kama sana'ar haɗa wutar sola, ya yi aure. Bai taɓa canza mini fuska ba. Da salla yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo wa yarana alewa. Abu ɗaya na lura da shi: tun daga waccan shekara bai sake ce mini Kawu ba. Malam yake cewa, a gida da waje, kamar yadda na umarce shi.

A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari da dare. Gwange na cikin unguwannin da suka fi shan wahala. Gidanmu yana kan ɗan tudu, Allah ya tsare, saboda haka Yaya da iyalinta su goma sha ɗaya suka tare a wurinmu. Da ruwa ya janye muka riƙa kwaso abin da ya saura muna shanyawa a tsakar gida. Ina cikin ɓamɓare takardun wata jaka da laka ta manne, sai na ci karo da wani ƙaramin littafi na makaranta. Tawada ta zuba a yawancin shafukan, amma na ƙarshe da fensir aka rubuta, bai goge ba. Ranaku ne a jere, a gaban kowace akwai lamba: 16, 16, 16, sannan 5, 6, 4, 5, 3, 5. A gaban ta ƙarshe ba a rubuta kome ba.

Yana can gefe yana goge wani batir da tsumma. Na kira shi, na nuna masa shafin. Ya karɓa ya duba, ya yi ɗan murmushi. Na ce, "A ranar nan kai ya kamata in sa." Ya ce, "Na sani, Malam." Na ce, "Da ka zuba?" Ya ɗan yi shiru yana jujjuya littafin, sannan ya ce, "Wallahi ban sani ba. Kullum a atisaye nake zubawa, ban taɓa yi a gaban mutane ba." Ya miƙo mini littafin, na ce ai nasa ne. Ya ce in bar shi a rana tukuna, bai gama bushewa ba, ya koma wurin batirinsa.